Kansar mama: abin da hoton hammata ke nunawa bayan an yi kemo

Tambayar da aka fi turo mini daga Agege da Sabon Ibadan kan cutar nan ita ce: in hoto ya nuna kaluluwar hammata ta ɓace, me za a yi da tiyata kuma? Na raka yayata wani asibiti a Abuja tsawon wata shida, ga abin da na fahimta.

Kansar mama in za ta yaɗu, galibi hammata take fara sauka, cikin ƙananan ƙululun nan da muke kira kaluluwa in sun kumbura. A Najeriya, inda ƙiyasin 2022 ya nuna mata sama da 32,000 ne suka kamu a shekarar, akasari sai ciwon ya yi nisa ake zuwa asibiti. Shi ya sa likita kan fara da kemo kafin wuƙa, yawanci duk bayan mako uku, sau shida zuwa takwas, don ƙarin ya ragu.

Kafin a sa ruwan farko ana yin sikanin na hammata. Lafiyayyar kaluluwa siffar wake gare ta, da kitse a tsakiya da siririn ɓawo. In ɓawon ya wuce milimita 3, ko ta zama kewayayya, ko kitsen ya ɓace, sai a tsikara allura a ɗebi kaɗan a gwada. Wasu asibitocin kan bar ɗan ƙarfe mitsitsi a cikinta, don a gane ta daga baya. In an gama kemo sai a sake hoto a kwatanta da na farko. MRI ya fi nuna abin da ya rage a cikin maman, amma ga hammata sikanin ne aka fi dogara da shi, kuma ya fi arha nesa ba kusa ba.

To, ga inda gizo ke saƙa. Hoto girma da siffa yake gani, ba ya ganin ƴan ƙwayoyin cutar da suka maƙale. Kaluluwa kan koma daidai a hoto alhali da saura a ciki, wata kuma ta ci gaba da zama da kauri alhali tabo ne kawai. A wani bincike na Amurka da aka buga a 2013, mai suna Z1071, kimanin mata 41 cikin 100 ne aka tarar hammatarsu ta wanke tas, kuma sai da aka ciro kaluluwar aka duba a ɗakin gwaji sannan aka tabbatar. Amfanin hoton shi ne ya taimaka wa likita ya zaɓi girman aikin: ko ya cire ƴan ƙalilan, ko ya kwashe na hammatar gaba ɗaya. Ba ƙaramin bambanci ba ne, don kwashewar kan jawo kumburin hannu da ke iya zama har ƙarshen rayuwa. Ga mai tuƙa tuwon sayarwa, hannun nan shi ne jarinta.

Na ga matan da suka daina zuwa da zarar ƙarin ya lotsa, dangi suna ta barka. Ni dai a ganina nan ne muka fi yin asarar rayuka.

Wadda ta fara magani a Legas ko Fatakwal sannan ta dawo Abuja, ta taho da hoton farko da takardar gwajin nama. In babu su, likita ba shi da abin da zai kwatanta. Asusun tallafin masu kansa na gwamnatin tarayya ya haɗa da kansar mama, kuma Babban Asibitin Ƙasa na Abuja da UCH Ibadan da UBTH Benin da UNTH Inugu na cikin asibitocin da aka fara shi da su.