Daga Idon Likita Zuwa Bakin Yaro

A shekarar 1947, yaron da aka gano yana da sankarar jini da wuya ya wuce 'yan watanni a duniya. A ƙarshen shekarar ne Dakta Sidney Farber na asibitin yara da ke Boston, a Amurka, ya fara yi wa irin waɗannan yara allurar wani magani mai suna aminopterin. Cikin yara 16, goma suka farfaɗo na ɗan lokaci kafin cutar ta dawo. Lissafin likitocin zamanin ɗaya ne: kwana nawa maganin ya ƙara wa yaro? Yadda yaron ya yi waɗannan kwanaki, cikin wasa ne ko cikin amai da kuka, babu ma'aunin da aka tanada dominsa.

Manya ne suka fara samun ma'auni. A 1948 Dakta David Karnofsky na birnin New York ya fito da maki daga sifili zuwa 100, wanda ke duba ko majinyaci yana iya zuwa aiki, yana iya kula da kansa. To, ɗan shekara huɗu wane aiki yake zuwa? Ko da lafiyarsa ƙalau, uwarsa ce ke yi masa wanka.

Abin da ya tilasta sake tunani shi ne yaran sun fara rayuwa. Lokacin da aka buɗe asibitin St. Jude a Memphis a 1962, kusan huɗu ne kacal cikin ɗari ke tsira daga nau'in sankarar jinin da ta fi kama yara. Dakta Donald Pinkel ya haɗa magunguna da dama lokaci guda, ya ƙara da gasa kai da haske domin kashe ƙwayoyin cutar da ke ɓuya a ƙwaƙwalwa. Kafin a yi nisa cikin shekarun 1970, kusan rabin yaran na warkewa. Sai dai da suka koma makaranta, wasu karatu ya gagare su, wasu girmansu ya tsaya, wasu maganin ya taɓa musu zuciya. A 1975 Dakta Giulio D'Angio, masanin gasa cutar kansa da haske, ya ja hankalin abokan aikinsa cewa warkarwa kaɗai ba ta isa ba. Shekaru suka gaskata shi: wani babban bincike da aka wallafa a 2006 kan mutum fiye da 10,000 da suka tsira daga kansar ƙuruciya ya nuna kusan biyu cikin uku na fama da wata larura mai daɗewa.

Akwai kuma shirun da ke ɗakin jinya. Myra Bluebond-Langner, mai nazarin zamantakewa, ta zauna da yara masu sankarar jini tsawon watanni, kuma littafinta na 1978 ya nuna sun san halin da suke ciki sarai. Suna gane sunayen magunguna, suna lura da gadon da ya zama wayam. Amma suna yin kamar ba su sani ba, don kada hankalin iyayensu ya tashi.

Ma'aunin da ya fara kallon yaro a matsayin yaro shi ne wanda Dakta Shirley Lansky da abokan aikinta suka wallafa a 1987. Hikimarsa mai sauƙi ce, kowace uwa ta santa: aikin yaro wasa ne. Wanda ke guje-guje yadda ya saba yana da maki 100. Wanda ke sa kayansa amma ya wuni a kwance, sai wasan zaune kawai, yana da 50. Wanda ba ya wasa, ba ya sauka daga gado, yana da 10. Kuma iyaye ne ke ba da makin, domin su ke ganin yaron a gida, ba a 'yan mintunan zagayen likita ba. Babban ci gaba ne wannan, amma har yanzu wani ne ke magana a madadin mai ciwon.

Da aka fara kwatanta amsar iyaye da ta 'ya'yansu, sai aka ga giɓi. A kan abin da ido ke gani, kamar tafiya da gudu, bakinsu kan zo ɗaya. A kan tsoro, baƙin ciki da zama da abokai kuwa, sukan saɓa, kuma sau da yawa iyaye na ganin lamarin ya fi muni fiye da yadda yaron ke faɗa. Duk wanda ya taɓa gaida yaro mara lafiya a ƙasar Hausa ya san wani ɓangare na wannan wahala: a ce masa "ya jiki?", ya sunkuyar da kai ya ce "da sauƙi", ko da kuwa bai runtsa ba daren jiya. Tambaya ta gama-gari, amsar ladabi take samu.

Shi ya sa aikin James Varni, masanin halayyar yara da ke San Diego a lokacin, ya karɓu. Takardar tambayoyinsa mai suna PedsQL ta fito a 1999, kuma bugun da aka fi amfani da shi yana da tambayoyi 23 a kan jiki, zuciya, mu'amala da makaranta. A 2002 aka ƙara sashe na musamman domin masu kansa, mai tambayoyi 27. A nan ana tambayar yaro ƙeƙe-da-ƙeƙe: warin abinci na tayar masa da zuciya? Yana tsoron allura? Yana jin kunyar a ga jikinsa? Yana fargabar cutar ta dawo? Ga matashiyar da gashinta ya zube tana da shekara 14, tambayar kamanni ba ƙaramar magana ba ce, ko da sakamakon gwajin jininta ya yi kyau.

Iyaye na cike tasu takardar tun yaro na shekara biyu. Daga shekara biyar, yaron da kansa ake tambaya. Wanda bai iya karatu ba tukuna, tsakanin shekara biyar zuwa bakwai, sai a karanta masa tambayar, a ajiye masa zanen fuskoki uku a gabansa: mai murmushi, mai tsaka-tsaki da mai ɓacin rai, shi kuma ya sa yatsa ya nuna.