Yadda Aka Tambayi Talakawa Abin da Su Ke Bukata

A zamanin mulkin Turawa, in an ga malamin hakimi ya shigo gari da takarda da alƙalami, kowa ya san abin da ya kawo shi: ƙidayar haraji ko ta jangali. Don haka a kan ɓoye samari, Filani kuwa su kora shanu daji. Ana ƙirga talaka, amma ba a tambayarsa abin da ya ke so.

Cikin watan Satumba na shekarar 2000 ƙasashe 189 suka yi alkawari a Majalisar Ɗinkin Duniya za su yaƙi talauci. Daga cikin alkawarin nan aka fitar da manufofi 8, waɗanda a ke kira Muradun Ƙarni, aka ɗiba musu lokaci zuwa 2015. Manufofin ba su da aibi, sai dai 'yan ma'aikata kaɗan ne suka tsara su a ofis, ba a shawarci waɗanda a ke yi domin su ba. Hausawa kuwa kan ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, watau wanda wahala ta ke kansa ya fi kowa sanin inda ta ke cinsa.

Da wa'adi ya gabato sai Babban Sakatare Ban Ki-moon ya nemi a sake hanya. A 2012 ya ɗauki Amina Mohammed, wadda dā ta riƙe ofishin Muradun Ƙarni na Nijeriya, ta zama mai ba shi shawara kan sabon shiri. A 2013 aka shiga jin ra'ayin jama'a da wata ƙuri'a mai suna MY World. Ga yadda ta ke: an jera bukatu 16, mutum ya zaɓi 6 da suka fi masa muhimmanci, sa'an nan ya faɗi ƙasarsa, da shekarunsa, da zurfin karatunsa, da ko namiji ne ko mace. Ana jefa ta ta intanet, ko ta wayar hannu, ko a takarda. A Nijeriya samari da 'yan mata masu yi wa ƙasa hidima suka ɗauki takardun suka bi ƙauyuka. Kwamfuta ta tara amsoshin, ta rarraba su ƙasa ƙasa, aka baje su a fili kowa ya gani.

Da aka gama, an sami ƙuri'a fiye da miliyan 9, mafi yawansu a takarda, Nijeriya kuwa ta fi kowace ƙasa yawan ƙuri'a. Ilmi mai kyau shi ya zo na fari, sai kiwon lafiya, sai aikin yi, sai gwamnati mai gaskiya wadda ke jin kukan jama'a. Maganar canjin yanayi ita ta zo ƙarshe.

To, a nan mai karatu ya lura da abu biyu. Na ɗaya, yawa ba shi ne daidaito ba. Inda masu rarraba takarda suka yi ƙwazo ƙuri'a ta yi yawa, inda ba su kai ba muryar mutanen wurin ba ta shiga lissafi ba. Na biyu, ƙuri'ar shawara ce, ba hukunci ba. Wakilan gwamnatoci ne suka yanke magana, kuma ran 25 ga Satumba 2015 ƙasashe 193 suka amince da sababbin manufofi 17, har da canjin yanayi a lamba ta 13. Ba kuwa za a ce sun yi kuskure ba, gama manomin Katsina ko na Maraɗi zai fara ambaton abinci da ruwan sha, alhali ƙarancin damina ne ke hana shi duka biyun.

Duk da haka an sami ci gaba, domin yanzu talaka yana da abin da zai riƙe shugabanni da shi: an tambaye shi, ya amsa, an rubuta. Wa'adin sababbin manufofin 2030 ne. Sa'an nan za a duba a gani ko makarantar da ya roƙa ta sami malami, asibitin kuma ya sami magani.