Gaɓar Rafi a Cikin Gilashi: Nazari a kan Ripariyom da Kifayensa

A shekarar 1850 wani masanin sinadarai ɗan Ingila, Robert Warington, ya nuna cewa kifi zai iya daɗewa a cikin ruwan da ba a sauyawa, muddin akwai tsirrai da dodon koɗi a ciki. Bayan shekara uku aka buɗe gidan kallon kifi na farko a gidan zu na Landan. Tun daga wancan lokaci hankalin masu kiwon kifin ado ya fi karkata ga tsirran da ke nutse a ƙarƙashin ruwa. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rafi ya san ba a tsakiyar ruwa ciyayi suka fi yawa ba. A gaɓa suke, saiwarsu a ruwa, ganyensu a sarari, ƙananan kifaye kuma suna fakewa a inuwarsu. Wannan gaɓar ita ce ripariyom yake kwaikwayo, kuma ina ganin shi ne tsarin da ya fi dacewa da mai kiwo a ƙasa mai zafi, in har ya gane abin da tsirran za su yi masa da abin da ba za su yi ba.

Ga yadda ake haɗa shi. Ana samun akwatin gilashi, a zuba ruwa zuwa rabi ko sama da haka kaɗan. A jikin gilashin baya, daidai bakin ruwa, ana maƙala ƙananan kofunan roba masu huji, a cika su da tsakuwa ko dunƙulen yumɓun da aka gasa, a dasa tsiro a kowane. Ruwa yana ratsa hujin, saiwar ta fito ta zubo ƙasa, fara sol, wani lokaci har ta taɓa yashin ƙasan akwatin. Ƙa'ida guda ce ba a karyawa: wuyan tsiron, inda saiwa ta haɗu da kara, dole ya kasance a saman ruwa, in ba haka ba zai ruɓe. A gaban kofunan akan sa ƙananan faifan soso masu yawo a kan ruwa, ɗauke da tsirrai masu yaɗo, don su rufe robar. Ba a gina tudun ƙasa a ciki, kuma nan ne bambancinsa da faludariyom, wanda ake raba shi gida biyu, tudu da ruwa. A ripariyom duk faɗin ƙasan akwatin na kifi ne.

Sirrin abin yana ga ganyen da ke waje. Tsiro yana buƙatar iskar kabon dayoksaid don haɗa abincinsa, ita kuwa wannan iska tana ratsa ruwa a hankali ƙwarai, kusan sau 10,000 ƙasa da saurin da take ratsa sarari. Shi ya sa tsiron da ke nutse yakan zauna cikin yunwar kabon ko da haske ya wadata. Masu bin salon tsara akwatin kifi na Takashi Amano ɗan Japan suna magance wannan da tukunyar gas da ke tura kabon cikin ruwa, abin da ke cin kuɗi da kulawa. Tsiron gaɓa ba ruwansa da tukunya. Yana ɗibar kabon daga iskar ɗaki, haske kuma yana isa gare shi kai-tsaye, gansakuka ba ta lulluɓe masa ganye. Diana Walstad, a littafinta na 1999 kan muhallin akwatin kifi mai tsirrai, ta ware babi guda a kan wannan fifiko na ganyen da ya leƙo sarari.

Tsiron da ke girma da sauri yana ci da yawa, abincinsa kuwa shi ne dattin kifi. Kifi yana fitar da amoniya ta kunnuwan numfashinsa, ragowar abinci ma idan ta ruɓe amoniya take bayarwa. Guba ce, kuma dafinta yana ƙaruwa idan ruwa ya yi ɗumi ko ya yi kanwa-kanwa. Wasu bakteriya, irin su Nitrosomonas, suna mayar da ita naitirayit, wanda shi ma guba ne. Wasu kuma, musamman Nitrospira, su mayar da shi naitiret, mai sauƙin illa, wanda ke taruwa sannu a hankali. A akwatin da ba tsiro, sauya ruwa ne kawai ke rage shi. A ripariyom saiwar tana zuƙar amoniya da naitiret duka, ita kanta kuma matattara ce ta waɗannan bakteriya, domin tsirran fadama suna da ƙananan hanyoyin iska a cikin kara da ke kai oksijin har saiwa. Idan mai kiwo ya yanke ganyen da ya yi yawa ya zubar, dattin kifinsa ne ya fitar daga ruwan.

A nan ne kuma mutane da yawa suke ruɗuwa, kifi ya mutu a banza. Ganyen da ke sarari, a sarari yake sakin oksijin ɗinsa. Kaɗan ne ke komawa ruwa. Saboda haka akwati zai iya cika da kore shar, ruwansa garau, amma kifi yana saman ruwa yana haki. Ɗumi yana ƙara dagula lamarin: ruwa mai digiri 20 a ma'aunin Salsiyas yana iya riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a kowace lita, a digiri 30 kuwa ba ya wuce 7 da rabi, alhali a lokacin ne jikin kifi ya fi buƙata. Motsin saman ruwa ne ke shigar da iska, don haka famfo ko matatar soso mai kumfa ba ado ba ne. Wanda yake zaune inda wutar lantarki ke ɗaukewa, ya tanadi ƙaramin famfon iska mai batir tun kafin ya sayi kifi ko ɗaya.

Kifin rafi ba iri ɗaya ba ne, ko da duk daga ƙasashe masu zafi suka fito. Akwai na rafukan duwatsu, kamar Sewellia lineolata na Biyetnam, mai shimfiɗaɗɗen jiki da fika-fikan da yake manne wa dutse da su yana kankare gansakuka. Kyakkyawa ne, amma ruwa mai gudu da sanyi yake so, wajen digiri 20 zuwa 24. Haka ƙaramin kifin nan Tanichthys albonubes, wanda aka gano a 1932 a dutsen Baiyun kusa da Guangzhou ta ƙasar Sin. Sa irin waɗannan a ɗakin da ba na'urar sanyaya wuri, a garin da zafin Afrilu ke kai digiri 40, zalunci ne, ko da ba da niyya ba.

Abin daɗi shi ne wasu daga cikin kifayen da duniya ke ji da su a wannan fanni na Afirka ta Yamma ne. Pelvicachromis pulcher, wanda 'yan kasuwar kifin ado ke kira kiribensis, asalinsa rafukan kudancin Najeriya ne da gaɓar Kamaru. Namijin yakan kai wajen santimita 10, macen kuwa cikinta yakan yi jawur idan ta shirya yin ƙwai. A rami suke yi, rabin ɓawon kwakwa da aka kifa ya ishe su, kuma uwa da uba tare suke kiwon 'ya'yansu, suna kora su a gaba kamar makiyayi da garkensa. Yana jin daɗin digiri 24 zuwa 28. Akwai Fundulopanchax gardneri na yankin Kuros Riba da Binuwai, mai ɗigo-ɗigon ja, sai kuma Pantodon buchholzi, kifin malam-buɗe-littafi, wanda ke lafewa a saman ruwa yana jiran ƙwaro. Waɗannan biyun gwanayen tsalle ne, tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin akwati tana rage hatsarin, amma murfi ya fi tabbas. Pantodon yana haɗiye duk kifin da ya shige masa baki, kuma ba ya son ruwa mai gudu, don haka a zaɓi ɗaya daga cikinsu, a kuma karkata famfon yadda gefe guda zai kwanta.

Tsirran ma akwai na gida. Anubias barteri ya samo sunansa daga Charles Barter, wanda ya rasu a 1859, mai tattara tsirrai a tawagar binciken kogin Kwara da Baikie ya jagoranta. A dazukan Afirka ta Yamma yake tsirowa, maƙale da duwatsun bakin rafi. Ba a binne kwantaccen karansa, ɗaure shi ake yi a jikin dutse ko itace. Sai dai ganyensa idan yana waje yana son laima, iskar hunturu kuwa za ta soya shi, don haka ya fi kyau a bar shi a nutse, tunda ba ya neman haske mai yawa. A kofunan sama a sa masu juriya: Cyperus alternifolius, ɗan'uwan aya mai ganye kamar laima, da Spathiphyllum mai farar fure, da fotos mai yaɗo. 'Yar kainuwa kaɗan tana ƙara inuwa, amma a riƙa rage ta kada ta rufe saman ruwa.

Lissafi na ƙarshe shi ne na ruwa. Akwati mai tsawon santimita 90, faɗi 45, tsayi 45 yana ɗaukar lita 180 da ɗoriya, amma idan zurfin ruwan santimita 25 ne, lita 100 kawai ke ciki. Da wannan ɗarin ake ƙidayar kifi. Ruwan yana ƙafewa da sauri saboda tsirran suna sha, ciko kaɗai kuwa yana tara gishiri, don haka a riƙa kwashe kusan kashi ɗaya cikin huɗu duk mako ana zuba sabo wanda aka raba da kulorin. Tsirrai ake fara sawa, a kunna matata, a riƙa jefa ɗan abincin kifi don bakteriya su samu abin ci, a jira mako huɗu zuwa shida har gwaji ya nuna babu amoniya babu naitirayit. Mai karatu, kada ka sa kifi kafin ka ga wannan sakamako, kuma idan lokacin ya yi, ka fara da kiribensis biyu, mace da namiji.