Daga Jakar Bulama Zuwa Takardar Albashi

Shekara 35 na yi ina aikin tara kuɗin shiga a Borno, mahaifina kuma malamin haraji ne a zamanin En'e. Shi ya sa duk wanda haraji ya ɓata wa rai a layinmu na Moduganari, ni yake kawo wa ƙara, kamar ni na ƙirƙiro shi. Kwanan baya wani malamin makaranta ya same ni a majalisa bayan la'asar, ya shimfiɗa min takardar albashinsa a kan tabarma, ya ɗora yatsa a wani layi. Ya ce, "Baba Alhaji, wannan da ake yanka min duk wata, ina yake zuwa?" Na ce masa ya zauna, amsar doguwa ce.

Haraji ya girmi Bature a ƙasar Borno. Tun zamanin Shehunan Kukawa talaka na biyan harajin binemram bayan kaka, makiyayi na biyan jangali, ga kuma zakka. Rabe da ya ci Borno a 1893 ya tatsi mutane son ransa. Da Turawa suka zo, dokar Lugga ta 1906 ta tattara waɗannan kuɗaɗe wuri guda, kuma bayan Shehu Garbai ya tare a Yerwa a 1907 sai tsarin ya zauna da gindinsa. Bulama ya karɓa a unguwa, ya miƙa wa Lawan, Lawan ya kai wa Aja, daga nan sai baitulmali, inda ake rabawa tsakanin En'e da gwamnatin Turawa.

Mahaifina bai taɓa ɓoye min munin abin ba. An shanya magidanta a rana saboda sule kaɗan. An sayar da akuyar gwauruwa. Shuwa da Fulani kan kora shanu su tsallaka iyaka da sun ji ƙishin-ƙishin masu ƙirga na tafe. Mutum ba ya tafiya sai da rasit a cikin hula, don ɗan doka na iya tare shi a hanya. Sai dai yakan ƙara da cewa wanda ya biya ya san rijiyar da aka haƙa, da dakan shan magani, da elementare, daga guminsa suka fito, kuma yana da bakin faɗin haka.

Wannan baki shi ne ya zama siyasa. NEPU da aka kafa a Kano a 1950, da ƙawarta Borno Youth Movement ta su Ibrahim Imam, da zaluncin En'e suka riƙa jan hankalin talaka, haraji kuwa na sahun gaba. A 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, aka yi ta guɗa har a nan.

Abin da masu guɗa ba su lura da shi ba shi ne gwamnati ta riga ta sami wata saniyar tatsa. Kuɗin man fetur ya shigo. Kwamitin Udoji ya kumbura albashi a 1974. Jihohi 12 na 1967 suka zama 19 a 1976, suka kai 36 a 1996, ƙananan hukumomi 774, Borno kaɗai na da 27. Kowace da shugaba, da kansiloli, da motoci. Gwamnati ta yi ƙiba a daidai lokacin da ta daina buƙatar aljihun talaka. Mu ma'aikatan haraji muka zama 'yan rakiya, idon kowa na kan kason da ake turowa duk wata, a da daga Legas, daga baya daga Abuja.

Harajin albashi shi ne ya rage a hannun jihohi. Dokar 1993 ta tsara shi, gyaran 2011 ya sa shi tsakanin kashi 7 zuwa 24 cikin ɗari. A takarda kowa ya shiga. A zahiri malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya ne ke biya, don tun kafin kuɗin ya taɓa hannunsu an zare. Babban ɗan kasuwa mai tireloli kuwa ba ma ganin ƙeyarsa sai ranar da yake neman takardar shaidar biyan haraji don kwangila ko takara. Ranar sai a zauna ciniki kamar ana sayen rago. Ni kaina na sa hannu a kan ƙiyasin da na san ko rabin gaskiya bai kai ba, saboda an bugo waya daga sama. Mai tebur a bakin kasuwa kuma yana yankar tikiti uku a yini, ba ya ma sanin na wa ne.

Majalisarmu ta rabu biyu a kan magani. Wani tsohon akanta yana cewa a rage gwamnati kawai. Hujjarsa rahoton Oronsaye na 2012, wanda ya ƙirga hukumomin tarayya 541 ya ce a soke wasu a haɗe wasu, aka yi shekara 12 ana jan ƙafa kafin a ba da umarnin aiwatar da shi a 2024. Wani kuma, wanda ambaliyar madatsar ruwan Alau ta cinye wa gida a Satumbar 2024, cewa yake mu nan ƙarin gwamnati muke nema. Garin da aka kayar masa da turakun wuta a 2021 ya daɗe cikin duhu, garin da Kasuwar Monday ta ƙone masa a 2023, wa zai ce masa a rage masu kashe gobara? Dukansu suna da gaskiya. Ƙibar tana sama, a ofisoshi da ayarin motoci, ramar tana ƙasa, a aji da asibiti.

Da aka kawo ƙudurorin gyaran haraji a ƙarshen 2024, Gwamna Zulum da Sanata Ndume sun ja da su, musamman kan yadda za a raba harajin kayan masarufi. An yi gyare-gyare, Tinubu ya sa hannu a Yunin 2025, an kuma yafe haraji a kan naira 800,000 na farko a shekara. Sauƙi ne ga ƙaramin ma'aikaci. Amma ka lura, rigimar manya duk a kan rabo ta tsaya.

Malamin ya ce, "To Baba, har yanzu ba ka faɗa min inda kuɗina ke zuwa ba." Na ce masa asusun jiha, inda yake narkewa cikin kason Abuja har ba mai iya nuna shi da yatsa. Na ninke takardar na mayar masa, na ce ya adana ta kamar yadda kakansa ke adana rasit a hula. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da ɗan majalisarku ya zo neman ƙuri'a, ka fito da ita, ka tambaye shi rufin ajinku.