Kan Sarki da Hatimin Gidan Waya

Tun kafin zuwan Turawa mutanen ƙasar Hausa sun san wasiƙa. Sarakuna su kan sa malamai su rubuta da Larabci, a buga hatimi, manzo ya hau doki ya kai. Amma talakan ƙauyukan kudancin Katsina, wajen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, in yana da saƙo sai ya jira fatake ko wani matafiyi, ya faɗa masa da baki. Saƙon ya isa ko ya ɓace a hanya, sai yadda Allah ya yi.

A Ingila aka fara yin kan sarki, cikin 1840, bisa shawarar wani mutum wai shi Rowland Hill. Kafin nan wanda aka aiko wa takarda shi ke biyan kuɗin ɗauko ta, in ya ƙi karɓa an yi asara ke nan. Sai aka mai da biyan a kan mai aikawa: ya sayi 'yar takarda ta kwabo ɗaya mai hoton kan Sarauniya Victoria, ya manna. Da abin ya iso ƙasar nan, sai Hausawa suka dubi hoton suka raɗa masa suna kan sarki.

A Ikko aka fara fitar da na ƙasar nan, cikin 1874. Jihar Arewa kuwa sai 1900, shekarar da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun Kamfanin Neja, ta sami nata, an rubuta sunan Nijeriya ta Arewa a kansu. Na farkon suna ɗauke da hoton Victoria, amma ba ta daɗe ba ta rasu cikin Janairu 1901. Na Sarki Edward suka fito 1902, na Sarki George na biyar 1912. A cikin na Edward akwai wani na fam 25, wanda aka buga 1904. Kaɗan ƙwarai suka rage a duniya, har masu tarawa su kan biya dubban fam a kan guda ɗaya. Da aka gama Kudu da Arewa cikin 1914, sai aka daina buga na Arewa ita kaɗai. Ashe shekara 14 kaɗai suka yi.

A zamanin nan na farko jirgin ruwa ke hawo Kwara da jakunkunan wasiƙu zuwa Lakwaja, daga nan 'yan aike su ɗauka a ka, su yi ta tafiya a ƙasa kwana da kwanaki. Jirgin ƙasa ya isa Kano 1911. Sa'an nan aka ja wani reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda 1929. Wannan reshe shi ya kusanto da gidan waya ga mutanen kudancin Katsina, gama Funtuwa ce kasuwar audugarsu, nan kuma tasharsu ta ke. Cikin 1936 jirgin sama ya fara kawo wasiƙun Ingila Kano ta kan Hartum, tafiyar makonni ta koma ta kwanaki.

Hotunan da ke kan kan sarki su ma sun yi ta sakewa. Waɗanda aka buga 1953, zamanin Sarauniya Elizabeth, sun nuna arzikin ƙasa: na kwabo yana da mahayan Barno, na ahu gyaɗa, na kwabo biyu haƙar kuza, na taro gadar Jaba, na sule goma fatu da ƙiraga. Lokacin da Jihar Arewa ta sami mulkin kanta cikin Maris 1959 aka fitar da biyu, na taro mai hoton Majalisar Lugga ta Kaduna, da na sule mai hoton Masallacin Kano. Na 'yancin kai suka biyo 1960, daga 1973 kuma aka shiga rubuta kuɗinsu da naira da kwabo. Wanda ya jera su bi da bi a kan tabarma, ya karanta tarihin mulkin ƙasar nan ke nan ba tare da ya buɗe littafi ba.

To, amma masu binciken wannan fanni sun ce kan sarki shi kaɗai rabin shaida ne. Ambulan ɗin dukansa su ke so. Hatimin da ma'aikacin gidan waya ya buga a gaba yana faɗin garin da takarda ta tashi, da ranar. Sau da yawa a baya akwai hatimin garuruwan da ta ratsa, sai mutum ya ƙirga kwanakin da ta yi a hanya. Adireshi kuma ya kan nuna ta hannun wa aka aiko, ko hakimi, ko babban malamin makaranta, ko malamin auduga, don mutumin ƙauye ba shi da akwatin kansa. Wasiƙun sojan da suka je yaƙin Bama da yawansu ba su da kan sarki, don kyauta a ke ɗaukar musu, sai dai hatimin hafsan da ya duba su. Saboda haka wanda ya ɓamɓare kan sarki ya yar da ambulan, ya tsinci ɓawo ya zubar da ƙwaya.

A Ingila akwai ƙungiyar masu binciken kan sarkin Afirka ta Yamma, har suna buga mujalla mai suna Cameo. Amma yawancin abin da ke hannun irin waɗannan mutane wasiƙun Turawa ne, na joji da 'yan kamfani da 'yan mishan, don su aka aika wa waje, can aka adana su. Takardar da ɗan ci-rani ya rubuto wa mahaifinsa a Sabuwa, ko wadda ɗan ajin yaƙi da jahilci ya fara rubutawa da hannunsa a Ƙanƙara, tana nan gida cikin adaka, in gara ba ta cinye ta ba.

Ga shi kuwa yanzu wayar hannu ta kashe rubuta wasiƙa, ba a ƙara sababbi. Ga fitinar 'yan bindiga da ta tashi ƙauyuka da yawa a wannan yanki cikin shekarun nan, mai gudun ransa kuwa ba ya tsayawa ɗaukar takardu. Abin da ya ƙone ya tafi ke nan har abada.

Saboda haka duk wanda ya iya karatu, ya kamata ya buɗe adakar gidansu. In ya sami tsohuwar wasiƙa, kada ya jiƙa ta, kada ya raba ta da ambulanta. Ya sa ta tsakanin takardu masu tsabta, nesa da laima. Ya tambayi tsofaffi wa ya rubuto, daga ina, ya rubuta amsarsu a wata takarda dabam. In da hali ya ɗauki hoton gaba da baya da waya, ya aika wa 'yan'uwa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma a ke magani. Wata rana mai rubuta tarihin Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa zai zo neman shaida, a hannun irin wannan mutum zai same ta.