Daga Agogon Abdulkarim Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Kuskure a Awon Ƙasa

A ranar 2 ga Fabrairu, 1851, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya shiga birnin Kano. Kayan awon da ya dogara da su kamfas ne da agogo. Duk inda ayari ya karkata, sai ya rubuta fuskar da aka dosa da mintunan da aka share ana tafiya, ya ƙiyasta saurin dabbobi, ya fitar da nisa. Aibin wannan dabara shi ne kuskurenta taruwa yake yi: na jiya yana hawa kan na shekaranjiya, babu abin da zai goge shi.

Gwamnatin Ingila ta turo masanin taurari Eduard Vogel, wanda ya isa Kukawa a farkon 1854, ya kuma kai Bauchi da Zariya a 1855. Shi sama yake dubawa. Yakan auna tsayin rana ko tauraro ya gano inda yake tsaye, ba tare da la'akari da hanyar da ya biyo ba. Kuskurensa ba ya taruwa, amma ranar da hadari ko ƙurar hunturu ta rufe sama, aiki ya tsaya.

Waɗannan hanyoyi biyu su ne har yau ginshiƙan gano wuri. Magajiyar hanyar Barth ita ce na'urar da ke lissafa motsinta da kanta. A cikinta akwai abin auna ƙaruwar gudu, da wani abu mai juyawa kamar mazari wanda ke riƙe da fuska guda. A 1953 Charles Stark Draper na cibiyar MIT ya gwada irinta a jirgin sama daga jihar Masacusets zuwa Los Anjales. Ba ta neman saƙo daga waje, don haka ba a iya toshe ta, sai dai ta gaji aibin kakanta: irin wadda jiragen fasinja suka daɗe suna amfani da ita takan kauce da kusan kilomita 2 a kowace awa.

Magajiyar hanyar Vogel kuwa ita ce GPS. Amurka ta harba tauraronta na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995. Taurarin na shawagi a nisan kilomita 20,200, kowanne na aiko da lokacin agogonsa, na'urar da ke ƙasa kuma tana fitar da matsayinta daga jinkirin isowar saƙon taurari huɗu ko fiye. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana zama mita 300. Har zuwa Mayun 2000, da gangan Amurka ke gurɓata saƙon farar hula, kuskure ya kai mita 100. Shi ya sa bincike ya karkata ga haɗa hanyoyin biyu da lissafin da Rudolf Kalman ya wallafa a 1960: tauraro na gyara kaucewar na'ura, na'ura na riƙe hanya idan saƙo ya ɗauke.

To, ina ruwan manomin Gwangwan da wannan? A ƙasar Rogo da Karaye an saba shata iyakar gona da gamba, da bishiya, da shaidar maƙwabta a gaban mai unguwa ko dagaci. Yanzu waya ta shigo, kuma lambobin da take nunawa suna da kwarjinin da gamba ba ta da shi. Amma a fili, inda babu abin da ya tare sama, waya takan kauce da kimanin mita 5. A gona mai kadada ɗaya, mita 100 kowane gefe, iyaka guda ta gusa da mita 5, an ci murabba'in mita 500, wato kashi ɗaya cikin ashirin na gonar. A rabon gado, wannan ya isa ya raba zumunci.

Akwai ƙarin matsala biyu da suka shafe mu. Arewacin Nijeriya na kusa da ikwaitar maganaɗisun duniya, inda sashen sama mai ɗauke da cajin lantarki kan hargitse bayan faɗuwar rana ya dagula saƙon taurari. Sannan tsofaffin taswirori da takardun filaye an gina su ne kan ma'aunin Minna, GPS kuwa na aiki da ma'aunin WGS 84. Wanda ya kwashi lambobin wancan ya zuba a wannan ba tare da juya lissafi ba, zai tsinci kansa gomman mitoci daga inda ya nufa.

An ɗauki matakan gyara. Daga 2008 ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya fara kafa tashoshin NIGNET, ciki har da ta Jami'ar Ahmadu Bello Zariya da ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina. Tashar ta san ainihin inda take, don haka tana gane kuskuren saƙo, kuma da bayananta safiyo mai kayan aiki kan rage kuskure zuwa 'yan santimitoci. Tauraron NigComSat-1R, da aka harba daga Sin a Disambar 2011, shi ma yana ɗauke da na'urar yaɗa irin wannan gyara.

Saboda haka duk wanda aka miƙa wa takardar gona mai lambobi, ya yi tambaya uku kafin ya sa hannu: da wace na'ura aka auna, a kan wane ma'auni, kuma kuskurenta mita nawa ne? Kafin amsa ta samu, kada kowa ya tumɓuke gambar da ke kan iyaka.