Zuhalu a Saman Zuru: Tauraron da Aka Sani Kafin a Ga Zobensa

Ranar 21 ga Disamba, 2020, jim kaɗan bayan sallar Magariba, na tsaya a bayan gidanmu a Zuru ina fuskantar yamma. Hazon hunturu ya ɗan lafa, sai ga taurari biyu can ƙasa-ƙasa bisa duwatsu, sun matsi juna har mai raunin gani zai ɗauka guda ne. Mai hasken shi ne Mushtari. Dusashen da ke gefensa, mai launin rawaya-rawaya, shi ne Zuhalu. Rabon da su kusanci juna haka tun shekarar 1623. Ƙanena, wanda ya saba ganin hoton Zuhalu a littafin makaranta, ya ɗaga kai ya ce, "Yaya, to ina zoben?"

Zoben yana nan, ido ne ba ya iya kai masa. Zuhalu na nesa da rana da kimanin kilomita biliyan 1.4, saboda haka abin da ke iso mana ɗigon haske ne kurum. Duk da haka, tun dubban shekaru kafin a ƙera madubin hangen nesa mutane suka ware shi daga sauran taurari. Da me suka gane shi? Da farko ba ya ƙyafta ido kamar sauran, haskensa a tsaye yake. Na biyu kuma, yana tafiya, amma tafiyar hawainiya. Yakan shafe wajen shekara biyu da rabi a buruji guda, ya zagaye sama cikin shekara 29 da rabi. Dattijon da ya kai tamanin bai ga cikar zagayensa sau uku ba. Wanda ya fara tabbatar da wannan lissafi dole ya dogara da abin da magabatansa suka kiyaye, shi ma ya bar wa na baya.

Sunan Zuhalu ya zo ƙasar Hausa ne cikin littattafan falaki da hisabi na Larabci, tare da Mirrihu, Uɗaridu da Zahara. A wancan tsari shi ne na bakwai, mafi nisa cikin masu tafiya, kuma Asabar ce ranarsa. Malaman hisabi sun lura da wani abu mai daɗin ji: a lissafin abajada, haruffan sunansa uku suna ba da 7, 8 da 30, jimilla 45. Haka nan idan aka tara lambobi daga 1 zuwa 9, waɗanda ake cika hatimi mai gida tara da su, 45 ake samu. Irin wannan ilimi na hatimai shi Muhammadu al-Katsinawi ya ƙware a kai. Ya bar Katsina ya yi aikin hajji, ya rubuta littafi kan hatimai wajen 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Ba na kare duba da taurari. Malamanmu sun daɗe da yin hani a kansa. Sai dai a ƙarƙashin duban akwai lura ta gaskiya da sama, kuma kuskure ne a zubar da su tare.

Labarin zoben kuwa gajere ne. A 1610 Galileo, a ƙasar Italiya, ya saita madubinsa ya ga wasu abubuwa biyu a gefen Zuhalu, ya zaci ƙananan taurari ne. A 1612 ya duba ya tarar sun ɓace, abin ya ruɗa shi. Sai a 1659 Huygens, mutumin Holan, ya bayyana cewa zobe ne siriri mai faɗi da bai taɓa jikin tauraron ba, kuma duk bayan shekara 13 zuwa 16 yakan juyo mana da kaifinsa, sai ya zama kamar babu shi. Yau an san ɓarɓashin ƙanƙara ne mafi yawansa. Hakan ta sake faruwa a watan Maris na 2025, lokacin da ko mai madubi bai fi ƙanena ganin zobe ba.

A daren nan na 2020 mun tsaya har taurarin biyu suka faɗa bayan dutse, kafin a kira Isha'i. Sai a 2040 za su sake haɗuwa.